Dokin sukuwa: Torobired, ruwa biyu, ɗan Sudan ko ɗan Arewa?

Duk wanda ya kalli tseren Dabi na Epsom a waya sai ransa ya biya. Tun 1780 ake yin sa a Ingila, dawakai 'yan shekara 3 kaɗai ke shiga, tazarar kusan mita 2,400. Kafin a sake su, masana sun riga sun zauna da takardun asalin kowane doki, uba da uwa da kakanni, suna auna wanda zai iya jure zangon ƙarshe. Mai barga a Ringim ko Gumel da ke shirin sayen dokin sukuwa yana da abin koyo a nan, amma ba duka zai kwaso ba.

Mu fara da Torobired, wato irin dawakan tsere na Ingila. Kowane ɗayansu asalinsa ta wajen uba yana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga gabas: Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, kuma tun 1791 ake rubuta zuriyarsu a littafi. Ba ya shiga littafin sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, ba da allura ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, sai dai mu nan uba kawai muke tambaya. Dubi goɗiyar nan Urban Sea, wadda ta ci babban tseren Arc na Faransa a 1993. Ita ta haifi Galileo da ya ci Dabi a 2001, ita ta haifi Sea The Stars da ya ci a 2009, kuma ubansu ba ɗaya ba. Don haka in dillali ya cika maka kunne da sunan uba, ka ce masa: "Malam, uwar fa, ta taɓa gudu? 'Ya'yanta na baya me suka yi?"

A gudu babu mai kamo Torobired. Wahalarsa riƙo. Fatarsa siririya ce, zafin bazara na galabaitar da shi, kofatonsa na son kulawa kullum, cinsa kuma ya wuce harawa da dusa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cutar dawakai ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo da almuru ke yaɗawa, musamman da damina. Baƙon doki ta fi kayarwa, cikin 'yan kwanaki ana iya rasa shi. In ba ka da barga mai raga da rigakafi da likitan dabbobi a kusa, ka haƙura da shi.

Ruwa biyu, wanda 'yan sukuwa ke kira talon, shi nake ba mai matsakaicin ƙarfi shawara. Ya ɗauko tsawon ƙafa da sauri daga jinin waje, ya ɗauko juriya daga na gida. Matsalar ita ce yawancinsu ba takarda, sai bakin mai sayarwa, saboda haka ka nemi wanda ya san bargar da aka haife shi.

Ɗan Sudan dogo ne, yana da zuciya, ya saba da rana irin tamu. Ɗan Arewa kuwa bai kai su gudu ba, amma shi ne mai sauƙin ci, ga shi ka yi kilisa da shi, ka hau shi ranar hawan sallah. Tunda akan raba tsere aji-aji, ba za a haɗa shi da Torobired ba balle ka ji kunya.

Ko wanne ka zaɓa, in ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis kada kwalliyar sirdi ta ɗauke maka hankali. A sauke sirdin ka ga bayansa. Buɗe baki ka duba haƙora don sanin shekaru. Shafa agarar ƙafafun gaba daga gwiwa zuwa ƙasa. In ka ji zafi ko kumburi a gefe ɗaya, akwai tsohon ciwo. A sukwane shi a gabanka, ka kasa kunne ga numfashinsa bayan ya tsaya, sannan a ja shi a kan ƙasa mai tauri ka ga ko yana ɗingishi. In mai dokin ya yarda, bar kuɗin a hannun dillali ka sake duba ƙafafun da safe, lokacin da jikinsa ya huce.