PMB ko Koha? Amsa ga mai son kwashe katunan mujallu zuwa kwamfuta

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce laburaren makarantarku a Garwa na da akwatin Kardex cike da katunan jaridu da mujallu, an ba ku kwamfuta guda ɗaya, kina tambaya wace manhaja ce ta fi dacewa, PMB ko Koha. Na yi aiki da duka biyun a wani ɗakin karatu a Marwa, bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Dukkansu kyauta ne, ba kuɗin lasisi. Koha daga Niyuzilan take, ta fara aiki a shekarar 2000. PMB kuwa 'yar Faransa ce, an fara ta a 2002. Wannan asali ya shafe ki kai tsaye. PMB da Faransanci ta tashi, a kan UNIMARC, wato tsarin rubuta bayanan littattafai da mujallu a kwamfuta, kuma kalmomin da kika saba ji a wurin aiki, su bulletinage (rajistar kowace fitowa da ta iso) da dépouillement (rubuta maƙalolin da ke ciki), su za ki tarar a kan allo. Koha ma an fassara ta zuwa Faransanci, tana karɓar UNIMARC da takwaransa MARC21, amma ranar da ta cije kika shiga intanet neman taimako, yawancin amsoshin da Turanci za ki same su.

Wajen girkawa ne suka fi rabuwa. PMB za ta zauna a kan kwamfutarki mai Windows, ta yi aiki ko babu intanet. Koha sai da Linux, Debian ko Ubuntu, kuma tana son wanda ya san hannunta. Sau biyu a shekara take fitar da sabon zubi, Mayu da Nuwamba. A wurinmu wani matashi ne ya girka mana ita, ya yi aiki mai kyau ƙwarai, daga baya ya samu aiki a Yawunde. Ranar da aka ɗauke wuta ana cikin shigar da bayanai ta ƙi tashi, muka yi ta kallon baƙin allo har sai da aka same shi a waya. Jami'a mai sashen kwamfuta, irin ta Ngaundare ko ta Marwa, ba za ta ji nauyin wannan ba. Ke kuwa ke kaɗai ce.

A kan ainihin aikin mujalla kusan kunnen doki suke yi. Kowacce za ki faɗa mata mujallar wata-wata ce ko mako-mako, da yadda lambobinta ke tafiya, sai ta jero fitowar da ake jira, ke kuma ki danna idan ta iso. Ba zan ɓoye ba, Koha ta fi burge ni wajen nuna wadda ta makara da wadda ta ɓata, da tura takardar tuni ga dillali. Amma nawa ne cikin mujallunki ke zuwa ta hanyar biyan kuɗin shekara? Yawancin namu kyauta ce, ta zo yau, ta yi wata shida shiru, sannan ta iso da lamba biyu a haɗe, 45-46. Abin da ɗalibi ke nema kuwa maƙala ce, ba mujalla ba. Zai zo ya ce yana son rubutu a kan noman auduga ko kamun kifi a Lagdo. A nan PMB ta yi zarra: ki buɗe mujalla, ki buɗe fitowar, ki rubuta maƙalolin ciki ɗaya bayan ɗaya, kowacce na rataye da uwarta. Koha ma tana yi, sai dai hanyar ta fi tsawo.

Don haka ni dai PMB nake ba ki shawara.

Amma don Allah ki saurare ni a kan katunan nan, domin a nan muka sha wahala. Mun fara da kwafe kowane ɗan alamar fensir da ke kan kati. Ki duba Cameroon Tribune kawai, tun 1974 take fitowa. Wa zai shigar da ita lamba-lamba? Abin da ya dace shi ne taƙaitawa: daga shekara kaza zuwa kaza muna da su, ban da lamba kaza da kaza. PMB na da gurbi na musamman don haka, état des collections, Koha ma tana da wurin rubuta tarihin mujalla da hannu. Shigar da fitowa ɗaya-ɗaya sai ki fara daga Janairun bana.

Kuma kada ki yarda da kati sai kin je kanta. Na tuna wani kati mai tsabta, layin watanni goma sha biyu duk an yi musu alama, an ja layi da jar biro alamar shekara ta cika. Da na sauko da ƙunshin na kwance igiya, gara ta cinye tsakiyarsa, bangon sama da na ƙasa ne kawai suka rage, ƙasa na zubo min a riga. Da mun kwafe katin yadda yake, da kwamfuta ta yi ta aika ɗalibai neman abin da babu.

Mujallar da ke da ISSN, lambar nan mai alƙaluma takwas, ki nemo bayaninta daga kundin laburaren ƙasa na Faransa ta Z39.50, hanyar da manhaja ke janyo bayani daga kundin wani laburare, duk manhajojin biyu suna iyawa idan akwai intanet. Idan mujalla ta sauya suna, lambar ma sauyawa take yi, don haka bayani biyu za ki buɗe ki haɗa su. Ƙananan jaridun gida kuwa hannunki ne zai rubuta su.

Kowace Juma'a kafin ki tashi, ki kwafe bayanan a filashi ki tafi da shi gida. Akwatin Kardex kuma ki bar shi a inda yake, ki ci gaba da yi masa alama har shekara ta zagayo.