Lauyoyi Biyu a Tebur Ɗaya: Yadda Hidimar Rabuwar Aure Ba Tare da Ƙara Ba Take Aiki

Ma'auratan da zama ya ƙi musu galibi hanyoyi biyu ake nuna musu: ko su tafi kotu kowa da lauyansa a yi ta fafatawa, ko su zauna gaban mai shiga tsakani guda ɗaya wanda ba ya bayan kowa. Akwai ta uku da lauyoyin iyali ke bayarwa a Amurka, Kanada, Ingila, Ostareliya da wasu ƙasashe, wadda ake nema da sunan Collaborative Law. Mata da lauyanta, miji da nasa, su huɗu a tebur ɗaya, kuma kafin a buɗe baki kowa ya sa hannu cewa a teburin nan za a gama, ba a gaban alƙali ba. A ganinmu hidima ce mai kyau ƙwarai ga waɗanda ta dace da su. Sai dai ba kowa ta dace da shi ba, kuma lauyan da ya ɓoye wannan ya cuci wanda ya ɗauke shi aiki.

Wani lauya ne a birnin Minneapolis na jihar Minnesota, Stuart Webb, ya fara ta a 1990, bayan ya yi shekaru yana shari'ar rabuwar aure har ya kai ga tunanin barin sana'ar. Abin da ya ƙirƙiro sharaɗi ɗaya ne, kuma komai a kansa ya tsaya: idan tattaunawa ta watse aka nufi kotu, lauyoyin biyu duka za su janye, kowane ɓangare ya nemi sabon lauya. Da wannan sharaɗi lauya ba ya da wata riba a tsawaita rigima. Ba zai zauna yana murmushi a tebur alhali yana tara makaman shari'a a aljihu ba, domin ba shi zai yi shari'ar ba. Barazanar nan ta "sai mun haɗu a kotu" ta rasa ƙarfinta, tunda mai faɗar ta ya san lauyansa zai fara rasawa.

Kafin zaman farko, kowa yana ganawa da lauyansa shi kaɗai. A nan lauya mai sanin aikinsa yake tambayar abin da ba a son faɗa: akwai duka? Akwai tsoratarwa? Wa ke riƙe da kuɗin gida, kuma ɗayan ya san nawa ne? Daga nan lauyoyin biyu su yi magana tsakaninsu su tsara abin da za a tattauna. A zaman farko ana karanta yarjejeniyar shiga a sa hannu, sannan a kama abubuwan da ba sa jira: wa zai ci gaba da zama a gidan, wa zai biya haya da kuɗin makaranta a watan nan, ina yara za su kwana a makon nan. Kowane zama kan ɗauki kamar awa biyu, a rubuta abin da aka cimma, a raba wa kowa aikin da zai kawo a zama na gaba.

Sashen dukiya shi ne inda ake gane ko hidimar ta gaske ce. Kowa ya ɗauki alkawarin bayyana komai da kansa ba sai an matsa masa ba: takardun albashi, bayanan asusun banki, bashi, takardun gida da na kasuwanci, da fansho. Fanshon nan shi aka fi mantawa, alhali a auren da ya daɗe yakan kai darajar gida ko ya fi. Mai kula da yara yakan nace sai an bar masa gidan, ya sarayar da rabonsa na fansho, sai bayan shekaru ya ga yana da rufin kwana amma ba abin da zai ci a tsufa. Lauya nagari yakan ajiye lissafin biyu gefe da gefe kafin a sa hannu. Maimakon kowa ya ɗauko nasa mai ƙiyasin dukiya su zo da alƙaluma biyu masu karo da juna, ana ɗaukar ƙwararre guda ɗaya da ɓangarorin biyu suka amince da shi, su raba kuɗin aikinsa.

Game da yara kuwa, a nan hidimar ta fi burge mu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce a sashe na 3 maslahar yaro babban abin dubawa ce, a sashe na 12 kuma ta ba shi haƙƙin a ji ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. A tebur ana iya kawo masanin halayyar yara ya gana da su, ya dawo wa iyaye da abin da ya ji, ba tare da an tilasta wa yaro ya zaɓi uwa ko uba ba. Kuma ana samun lokacin shiga ƙananan abubuwan da alƙali mai tarin ƙararraki ba zai tsaya a kansu ba: ƙarfe nawa za a miƙa yaro ranar Juma'a, a ƙofar makaranta ko a ƙofar gida, wa ke riƙe fasfo, wa za a kira idan zazzaɓi ya tashi da dare, yaya za a raba dogon hutu. Yarjejeniyar da ta tsaya a kan "uba zai riƙa ganin yara yadda ya kamata" ita ce ke dawo da mutane rigima bayan 'yan watanni, don kowa da yadda ya fahimci kamatar.

Idan an kammala, lauyoyi su rubuta yarjejeniya a miƙa wa kotu ta amince, ta zama umarnin da za a iya tilastawa. Kada a tsallake wannan mataki. Kotu kuma tana nan da ikonta a kan abin da ya shafi riƙon yara da ciyar da su, ko me iyaye suka rubuta.

Sai illolin. Sharaɗin janyewar nan da ke ba tsarin ƙarfi shi ne kuma haɗarinsa. Wanda ya kashe kuɗi watanni yana zama, idan abu ya watse, zai koma farko da sabon lauyan da sai an biya shi ya karanta komai daga tushe. Mai ƙaramin ƙarfi yakan karɓi rabon da bai kai haƙƙinsa ba don tsoron wannan asara, mai kuɗi kuma yana iya watsa zaman da gangan don ya raba abokin rigimarsa da lauyan da ya yarda da shi. Damuwa a kan wannan sharaɗi ce ta sa kwamitin ɗa'a na ƙungiyar lauyoyin jihar Colorado ya soki tsarin a 2007, kafin ƙungiyar lauyoyin Amurka a shekarar nan ta ce ya halatta muddin an yi wa mutum cikakken bayani ya amince. Na biyu, babu alƙalin da zai tilasta fito da takardu. Wanda ya ƙware wajen ɓoye dukiya zai ji daɗin wannan tebur. Na uku, kuma mafi nauyi, auren da akwai duka ko danniya a cikinsa. Matar da ke tsoron mijinta za ta ce "na yarda" da kallo ɗaya kawai daga gare shi. Daftarin dokar bai-ɗaya ta 2009 kan wannan tsari, wanda jihohin Amurka da dama suka ɗauka, ya wajabta wa lauya ya bincika tarihin cin zarafi, kuma kada ya ci gaba sai mutumin da kansa ya nema, lauyan kuma ya gamsu za a iya kare lafiyarsa.

Ga lauyan da ke wannan aiki, ladan a bayyane yake: iyayen da za su iya tsayawa tare ranar da ɗansu ya kammala makaranta, da yaran da ba a karanta sirrin gidansu a zauren kotu ba. Amma biyan lauyoyi biyu da ƙwararru ba abin talaka ba ne, kuma nan hidimar ta gaza wa al'umma. Dokar ta 2009 ta ɗan buɗe ƙofa: idan ana yi wa mai ƙaramin ƙarfi aiki kyauta sai zaman ya watse, wani lauya daga ofishin zai iya tsaya masa a kotu kyauta, in an amince da haka tun farko. A Ingila, inda aka janye tallafin lauya daga yawancin rigingimun iyali tun Afrilun 2013, gwamnati ta fito da tallafin da ya kai fam 500 a 2021, amma na zaman mai shiga tsakani ne kan batun yara. Wanda aljihunsa bai da nauyi kuma rigimarsa ba ta da sarƙaƙiya, hanyar mai shiga tsakani ta fi masa, tare da biyan lauya ya duba yarjejeniyar kafin sa hannu.

Mai son gwada tebur ɗin mutum huɗu ya tambayi lauyan tun ganawar farko ko ya samu horo na musamman a tsarin, ko ya taɓa aiki da lauyan ɗaya ɓangaren, nawa ake caji a kowace awa har da na ƙwararrun da za a gayyato, da kuma waɗanne takardu za a iya ɗauka zuwa kotu idan zaman ya watse. Ya nemi amsar ta ƙarshe a rubuce cikin yarjejeniyar shiga.