Zuwa Johannesburg: a wace unguwa ya kamata baƙo ya sauka?

Duk wanda ya ce mini zai je Johannesburg ta Afirka ta Kudu, abin da nake fara tambayarsa shi ne inda zai kwana. Maganar biza da tikiti da katin rigakafin shawara kowa ya san yadda zai yi da ita, amma masauki shi ke raba wanda ya dawo yana yabon garin da wanda ya dawo yana rantsuwar ba zai ƙara taka shi ba. Sau uku na je, kuma ba zan ɓoye ba, Fordsburg ce zaɓina.

Kafin a zo kan unguwanni, a san cewa garin nan a kan tudu yake, kusan mita 1,750 sama da teku, wato ya ɗara Jos da wajen mita 500. Lokacin da muke tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, su hunturu suke ciki. Da rana za ka ga hasken rana tarwai, amma da asuba raɓa kan daskare a kan ciyawa, kuma yawancin gidajensu ba a gina su don riƙe ɗumi ba. A zuwana na farko, cikin watan Yuli, na kama ɗaki mai arha ta intanet, babu hita, ruwan zafi kuma sai an yi sa'a. Alwalar asuba a ɗakin nan har yau ina tuna ta a cikin yatsuna. Tun daga lokacin ba na biyan ko sisi sai an rubuto mini cewa akwai hita ko bargo mai lantarki, akwai ruwan zafi, akwai kuma tankin ruwa da abin da zai riƙe wuta idan an ɗauke, domin can ma ana ɗauke su.

Sandton ce unguwar da kowa zai fara ambata maka. Nan kasuwar hannun jari take, nan manyan otal-otal da katafaren kantin Sandton City da dandalin da aka kafa mutum-mutumin Mandela. Babban abin da ta fi saura da shi jirgin ƙasa ne na Gautrain, wanda aka buɗe a 2010 gab da gasar cin kofin duniya: daga filin jirgin sama na OR Tambo zuwa Sandton kamar minti 15 ne. In taro ya kai ka, kuma ofis ne zai biya, sauka can. In aljihunka ne, za ka ji a jikinka, sannan ka wuni kana leƙa gidajen abinci kana neman wanda babu naman alade a kicin ɗinsa. Rosebank ƙanwar Sandton ce, ta ɗan fi sauƙin yawo a ƙafa, shi ke nan. Otal-otal na Kempton Park da ke gefen filin jirgi na mai kwana ɗaya ne da zai wuce. Hillbrow da Yeoville kuwa, ko da wani ɗan gida ya ce maka akwai 'yan Najeriya da yawa kuma ɗaki ba tsada, kada baƙo ya fara da can.

Fordsburg tana yamma da tsakiyar gari, manne da Mayfair. Abin da ya fara kama zuciyata shi ne kiran salla da na ji daga taga bayan kwana huɗu ban ji ba. Unguwa ce ta Musulmi 'yan asalin Indiya da suka yi zuriya a ƙasar, sai Pakistanawa da 'yan Bangaladash da suka biyo baya, a Mayfair kuma Somaliyawa sun cika har ana yi wa wani yanki laƙabi da ƙaramar Mogadishu. Ka bi titin Mint da yamma, hayaƙin gashin kaza da ƙamshin biriyani su tare ka, ga masu samosa, ga shayi mai madara da kanumfari. Ka shiga inda ka ga dama ka ci ba tare da zuciyarka tana ɗar-ɗar ba. Masallaci kuwa da ƙafa za ka je. Abu biyu za su ba ka mamaki: alƙibla a can kusan arewa take, ba gabas ba kamar yadda muka saba, sannan mafi yawan masallatan Indiyawan 'yan Hanafiyya ne, don haka la'asar ɗinsu tana yin jinkiri sosai.

Akwai kuma kasuwar Oriental Plaza mai shaguna sama da 300, inda matan da muka je tare suka kwashi yadi da labule da mayafai, kuma ana ciniki kamar a Kwari. Kasuwar nan tana da tarihi mai ɗaci. Gwamnatin wariyar launin fata ce ta gina ta a shekarun 1970 bayan ta tashi 'yan kasuwa Indiyawa daga Pageview, wadda mutanenta ke kira Fietas, ta ce unguwar ta Turawa ce. Kusa da nan, a Newtown, akwai masallacin Hamidia, inda a 1908 Gandhi da dubban Indiyawa suka ƙona takardun rajistar da aka tilasta musu ɗauka. Daga Fordsburg, gidan tarihin wariyar launin fata ba nisa, Soweto ma, inda gidan Mandela yake a titin Vilakazi, tafiya ce ta abin da bai wuce rabin awa ba in hanya ta yi kyau.

Fordsburg tana da aibinta. Titunan ba su da tsabtar Sandton, Gautrain bai biyo ta nan ba, kuma bayan isha'i ba a yawo a ƙafa a lungunan da babu jama'a. Masaukanta ma sai an zaɓa, ka nemi mai get da maigadi.

Yanzu maganar da ta fi komai muhimmanci a wurina, wato 'yan damfara, domin su ba ruwansu da unguwar da ka zaɓa. Tun daga zauren fitowa na filin jirgi suke farawa. Mutum zai tare ka da kati rataye a wuya, ya ce shi direban tasi ne na hukuma, ya kama jakarka. Kada ka bi shi. Ko dai masaukinka ya turo mota ka san sunan direba da lambarta tun kana gida, ko ka kira ta manhaja ka duba lambar mota da fuskar direba kafin ka buɗe ƙofa. Kada kuma ka tsaya canjin kuɗi masu yawa a bainar jama'a, akwai masu zuba ido su bi motarka har masauki.

Ni abin da ya same ni a kan hanya ne, a zuwana na biyu. Wata farar mota marar tambari ta kunna shuɗiyar fitila a bayanmu, direbana ya tsaya. Mutum biyu suka fito, ɗaya ya ɗaga wani kati ya mayar aljihu kafin in karanta, ya ce suna binciken ƙwaya da jabun kuɗi, in kawo fasfo da walat. Ya ƙirga dalolina a gabana, ya shinshina su, ya mayar mini da walat ɗin har da ba ni haƙuri. Sai da na shiga ɗaki na ga dala 400 sun tafi. Daga baya mutanen masallaci suka koya mini abin yi: a rage gudu, a kunna fitilun gargaɗi, a wuce zuwa gidan mai ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, a kira 10111, lambar gaggawa ta 'yan sanda. Kuɗi kuma a raba su gida biyu ko uku, kada su zauna wuri ɗaya da fasfo.

Wajen na'urar ATM ma haka. Wanda ya matso da fara'a ya ce na'urar tana da matsala bari ya taimaka, katinka yake son musanyawa bayan ya ga lambar sirrinka. Ciri kuɗi a cikin banki ko cikin babban kanti, da rana. Masaukin da aka tallata a Facebook ko WhatsApp aka ce ka turo kafin alƙalami zuwa asusun wani mutum, rabu da shi, sau da yawa hotunan gidan wasu ne. Hatta kalmar halal ana wasa da ita idan ka fita daga Fordsburg: wani gidan abincin zai rubuta cewa yana maraba da masu cin halal alhali gasa ɗaya ake yi wa kowane nama. Nemi takardar shaidar SANHA ko NIHT, hukumomin da ke tantance halal a ƙasar, a manne a bango, ka matsa kusa ka duba sunan shagon da ranar da za ta ƙare aiki.