Sarƙar roba ko ta ƙarfe: wacce ta fi wa katafila?

Wanda ya taɓa ganin katafila mai sarƙar ƙarfe ta bi ta kan sabuwar kwalta ya san ɓarnar da take yi: tana wucewa tana barin zane kamar an ja garma. Wannan ne ya sa masu ƙananan injinan tono a cikin gari suka koma ga sarƙar roba.

Sunanta dai roba, amma cikinta wayoyin ƙarfe ne aka shimfiɗa a tsaye don kada ta miƙe, ga kuma ƙananan ƙarafa da haƙoran taya ke kamawa. A haɗa su duka a gasa cikin mazubi mai zafi, ta fito zobe guda, ba gaɓa ba ƙusa. Ba ta da nauyi, ba ta cika ƙara, direba ma ƙugunsa na hutawa. Kuma ba sabon abu ba ce: motocin Citroën biyar masu sarƙar roba irin ƙirar injiniyan Faransa Adolphe Kégresse sun ratsa Sahara daga Aljeriya zuwa Timbuktu tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923.

Raunin ta kaifi ne. Tsinin dutse ko rodi ya tsaga ta, ruwa ya shiga, wayoyin su yi tsatsa, sai dai a sayi sabuwa gaba ɗaya. Ta ƙarfe kuwa gaɓar da ta lalace kawai makanike zai cire ya sauya. A wurin fasa dutse ni ƙarfe zan ɗauka, amma a gona ko lungun unguwa, roba.