Makin CA ko gwajin mataki: wanne ke nuna inda za a gyara koyarwa?

Malama, tambayarki ita ce: kina da ɗalibai 80 a aji huɗu na firamare, rajista cike da makin CA (wato gwaje-gwaje da ayyukan aji da ake tarawa cikin zango) da na jarrabawa, amma har yanzu ba ki san daga ina za ki fara gyara ba. Kin kuma ji ana zancen gwajin nan da ake yi wa yara ɗaya bayan ɗaya, wato gwajin mataki, kina son sanin wanne ya fi amfani. Ga yadda nake ganin su idan aka jera.

CA ya shigo ne da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, ya kankama da tsarin 6-3-3-4 (shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a) a farkon shekarun 1980. Niyyar mai kyau ce: kada a yanke wa yaro hukunci da jarrabawa guda ta ƙarshen shekara. A makarantu da yawa yana ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100. Ƙarfinsa shi ne yana bin manhaja, yana taɓa kowane darasi, kuma shi hedimasta da iyaye suka sani. Rauninsa kuwa, lamba ce kawai. Idan yara uku suka ci 8 cikin 20 a lissafi, rajista za ta nuna su a matsayi ɗaya, alhali ciwonsu ba ɗaya ba ne.

Ɗauki 52 a ɗebe 27. Amsa 25 ce. Yaron da ya rubuta 35 ya iya ɗebewa, abin da bai iya ba shi ne aro: a kowane layi ƙaramar lamba yake cirewa daga babba, 2 daga 7, 2 daga 5. Wanda ya rubuta 79 tarawa ya yi, watakila bai bambance alamomin ba. Na ukun da ya bar wurin fili, mai yiwuwa lambobin kansu bai gane ba. Jan biro ya ba su kuskure iri ɗaya, amma darasi uku daban suke buƙata. Wannan bayanin yana nan cikin takardun da kika riga kika duba, sai dai ya ɓace a lokacin da aka tara maki aka shigar da jimilla.

Gwajin mataki ya samo asali daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda tun 2005 take amfani da shi a bincikenta na ASER, mai auna iya karatu da lissafin yara. Takarda ɗaya ce. A karatu, yaro yana faɗawa ɗaya daga matakai biyar: bai san haruffa ba, ya san haruffa, yana karanta kalmomi, yana karanta ɗan sakin layi, ko yana karanta gajeren labari. Ba a ba shi maki, matakin da ya tsaya ake rubutawa. A kan wannan aka gina tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai da matakinsa: na wani ɗan lokaci a kowace rana a raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masana tattalin arziki waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka gwada tsarin a Indiya suka ga yana aiki. A nan gida ma an yi shi da Hausa, misali shirin KaLMA na Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa.

Abin da gwajin mataki ya fi CA da shi a fili yake. Da kin gama, kin san yara nawa ne ke buƙatar baƙi da wasali, nawa ne ke buƙatar haɗa gaɓoɓi, nawa ne za a ba littafi su yi ta karantawa. Kuma babu satar amsa, tunda yaro a gabanki yake yana karantawa da bakinsa. A aji mai cunkoso inda biyar ke zaune a benci ɗaya, makin gwajin rubutu sau da yawa na mai hazaƙar bencin ne, sauran kwafa suka yi.

Amma yana cin lokaci. Minti 5 ga kowane yaro, sau 80, ya haura awa 6. Sai an rarraba shi cikin mako guda, yara goma sha biyar zuwa ashirin a rana, sauran suna aikin da aka rubuta a allo. Sannan tushen karatu da lissafi kawai yake aunawa. Ba zai gaya miki ko sun fahimci darasin kimiyya ko na zamantakewa ba, kuma babu gurbinsa a katin sakamako.

Shawarata, idan har akwai shakka ko rabin ajin suna karatu, fara da gwajin mataki a makon farko na zango, ki maimaita a tsakiya da ƙarshe don ganin waɗanda suka haura. Makin CA na yaron da bai iya karanta tambayar ba, ba darasin ya auna ba.

CA kuma dole ne a ci gaba da shi, amma a sauya yadda ake shigar da shi. Ki ja layuka a littafi: sunaye a gefe, lambobin tambayoyi a sama, alamar daidai ko kuskure a kowane gida. Sai ki karanta daga sama zuwa ƙasa. Tambayar da yara 10 suka faɗi, a zauna da su goman. Wadda 60 suka faɗi, darasin ne bai shiga ba, a sake koyar da shi ta wata hanya kafin a wuce. In takardu 80 sun yi yawa, ko 20 kika zara daga ƙarfafa da matsakaita da raunana, za su nuna miki tambayar da za ki buɗe darasin Litinin da ita.