Falamban da ya hana a rufe bangon bandakina

Aikin da na kira shi ba wani babba ba ne: ya cire tsohon bahon wanka, ya kafa sabo, mai tayil ya zo ya rufe. Ana ɗaga bahon sai ya ce, "Yallabai, ba zan ɗora komai a nan ba sai na duba magudanar da bututun shan iskarta, wanda ke fita ta rufi." Raina bai so ba, don mai tayil yana jira, kuma na saba da masu aikin da ke ƙirƙiro gyara don kuɗi ya ƙaru.

Ya yanko guntun tsohon bututun magudanar, na ƙarfe ne mai faɗin inci 1½, ya haska min tocila. Daga waje lafiya lau. Ciki kuwa tsatsa da gashi da daskararren sabulu sun haɗu sun cushe shi, kafar da ta rage da kyar ɗan yatsa zai shiga. Sai ya tambaye ni ko ina jin wata ƙara kamar ana kuskurar baki idan an saki ruwa, da ko wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai yana tasowa. Wallahi duka biyun mun daɗe muna fama da su, iyalina sun wanke bandakin nan har sun gaji.

Ya nuna min lanƙwasar da ke ƙarƙashin bahon. Ya ce ruwan da ke kwanciya a cikinta, inci 2 zuwa 4, shi ke tare iskar masai kada ta dawo ɗaki. Idan bututun shan iska ya toshe, ruwan da ke gangarawa sai ya zuƙe wancan ya tafi da shi, hanya ta buɗe wa wari. Ya hau rufi ya zuba ruwa ta bakin bututun, ko ɗigo bai sauko ba. Da ya fasa bango, ashe wani da ya taɓa yin gyara ne ya yanke bututun ya toshe bakinsa ya shafe da siminti. Da an manna tayil a kan wannan, da sabon bandaki da tsohon wari zan zauna. Ya haɗa bututun shan iskar, ya canza na magudanar na ƙarfe da na roba, ya gyara gangaren ya koma kwatan inci a kowace ƙafa. Ƙarar ta ɗauke, warin ma haka. A kan wannan kam Allah ya saka masa da alheri.

Amma akwai abin da har yanzu yake ci min rai. Mutumin da ya hau rufi don neman matsala, shi ne ya mayar da tsohuwar robar ramin ambaliya, wannan ramin na sama da ke kwashe ruwa idan baho ya cika. Robar ta bushe ta tsattsage, na gan ta da idona daga baya. Gwajin da ya yi ma rabin baho ya cika, ruwan bai kai ramin ba. Yara na cika bahon sai ruwa ya bi bayan bango, fenti ya kumbura a ɗakin da ke jikinsa. Na yi ta kira, yau zai zo, gobe zai zo. Da ya zo sai da aka ɓalle sabon tayil, don bai bar ƙofar dubawa ba, kuma ko haƙuri bai bayar ba.

Zan iya sake kiransa idan bincike ne. Wajen haɗa kaya kuwa sai ina tsaye a kansa, kuma sai an cika bahon har ruwa ya shiga ramin ambaliya kafin mai tayil ya taɓa bango.