Kafin ka haɗa hannun giya da derayar na kamfanoni daban

Kekunan gwanjo da ake sayarwa a Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru sukan zo da kayan giya gauraye. Derayar ta baya, wato ƙarfen da ke matsar da sarƙa daga wannan faifan haƙora zuwa wancan, ta karye, ka je kasuwa, mai kaya ya miƙo maka wadda ke gabansa ya ce duk ɗaya ne. Kada ka biya tukuna.

Hannun giya mai ƙas-ƙas, duk dannawa ɗaya akwai iyakar wayar da yake ja, ita kuma derayar tana matsawa gwargwadon jan. A nan kamfanoni suka rabu. Derayar Shimano ta giya 6 zuwa 9, irin su Tourney da Altus da Acera, in aka ja waya milimita 1 tana matsawa kusan 1.7. Ta SRAM irin X4 da X5 kusan 1.1 take matsawa, shi ya sa hannunta ke jan waya da yawa. Ka ɗaura hannun X4 a kan Tourney, sai sarƙa ta riƙa tsallake haƙora, tana ƙara, ko ta faɗa cikin sifok kana tsakiyar hawan tudu. Bakanike zai yini yana murɗa waya, giya biyu su zauna, sauran su ƙi. Ba laifin hannunsa ba ne.

Wanda ke da derayar Shimano ta giya 9 zuwa ƙasa ya huta. Kowane hannun Shimano na wannan zubin zai ja ta, muddin yawan giyarsa ya yi daidai da yawan faifan haƙoran baya. Hannun murɗawa na SRAM mai suna MRX ma don Shimano aka yi shi. Kamfanin MicroSHIFT na da masu dacewa da yawa, amma ban da samfurinsa Advent, wannan sai da derayarsa.

Daga giya 10 na keken dutse Shimano ta sauya lissafi, haka ma derayarta mai suna CUES da ta fito a 2023 ba ta shiga da tsofaffin kaya. Derayar kamfanin Campagnolo kuwa, in ka ci karo da ita a tsohon keken tsere, bar ta da ’yan gidansu.

Ni dai ga mai zirga-zirgar yau da kullum, tsohon hannu marar ƙas-ƙas nake zaɓa masa, wanda kake turawa a hankali har sarƙa ta zauna ta yi shiru. A giya 6 zuwa 8 ba ruwansa da sunan kamfani, kuma ƙurar hunturu da ke cika bututun waya ba ta rikita shi kamar mai ƙas-ƙas. Ga araha.

In za ka kasuwa, tafi da keken ko tsohuwar derayar, ka ƙirga faifan baya da kanka. Ka kuma tsaya a bayan keken ka duba ƙarfen da derayar ke rataye a kai. In ya lanƙwashe, sai an miƙe shi kafin sabon kaya ya yi aiki.